Na zana layi da maski a ZBrush, yaya zan cike cikinsa?

Tambaya: Salam Malam. Ina sassaƙa sulken wani jarumi a ZBrush, manhajar sassaƙa ta 3D, na zana layin zane a kan kafaɗa da maski (duhun da ake shafawa don kare wani sashe na gunki), amma cike cikin da hannu yana cin mini lokaci sosai, kuma in na mayar da shi foligurup (sashen gunki da aka ware da kalarsa) sai bakin ya fito kamar haƙoran zarto. Akwai hanya mai sauƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Akwai, har biyu ma, amma kafin ka taɓa kowane maɓalli ka fara duba layin naka ko ya haɗe. Wannan shi ne abin da ke kayar da yawancin mutane. Manhajar ba ta san me kake nufi ba, ita kamar ruwa take zubawa a cikin shingen da ka yi, in akwai ƴar kafa ko da ta foligon ɗaya ce, wato ɗaya daga ƙananan murabba'an da suka haɗa ragar jikin gunki, to cikon zai zurare ya bi jikin gunkin gaba ɗaya, ko kuma ya ƙi cikewa. Ka matso da kyamara kusa, ka bi layin a hankali, musamman inda ka ɗaga alƙalami ka sake sa shi, nan ne maskin ke yin shara-shara, ido na ganin layi amma duhunsa bai kai ya tare komai ba. Ka riƙe Ctrl da Alt ka danna kan gunkin sau ɗaya ko biyu, bakin maskin zai yi kaifi, sai ka ga inda ya yanke.

In ZBrush ɗinka na 2023 ne ko sama da haka, shiga Tool, ka buɗe Masking, za ka ga Mask Region. Danna Auto Region, zai cike maka. In zanen na da ɗakuna da yawa kuma ba duka kake so ba, ka fara danna Analyze Region, ka ɗiga maski kaɗan a cikin waɗanda kake so, sai ka danna Fill Region.

In kuma tsohuwar ZBrush ce a hannunka to ga dabarar da muka daɗe muna yi, kuma gaskiya ni har yau ita na fi so saboda tana ba ni foligurup kai tsaye. Bayan ka zana layin ka danna Ctrl da W, layin kansa zai zama gurup. Riƙe Ctrl da Shift ka danna kan layin, shi kaɗai zai rage, ka sake dannawa sai ya ɓace sauran jikin ya dawo. Yanzu cikin zanen ya zama tsibiri, ba abin da ya haɗa shi da waje. Je ka Polygroups ka danna Auto Groups, kowane tsibiri zai samu kalarsa. Danna Shift da F ka gani da idonka. Daga nan duk ɗakin da kake so ka ware shi, ka yi masa maski, ka kumbura shi ko ka cire shi da Extract.

Sai maganar haƙoran zarto. Laifin ba na hannunka ba ne. Maski a kan ɗigon mahaɗar raga yake zama kuma yana da mataki-mataki daga haske zuwa duhu, shi ya sa bakinsa ke yin laushi, shi kuwa foligurup ba shi da rabi, foligon ko dai yana ciki ko yana waje, don haka dole bakin ya bi murabba'an ragar kamar matakala. In ragar ba ta da yawa matakalar za ta yi girma. Ka ƙara Divide kafin ka zana layin, kowane Divide yana ninka foligon sau 4, don haka ka kula da ƙarfin kwamfutarka kar ka wuce biyu a lokaci guda. Bayan ka yi gurup ɗin ka je Deformation ka ja Polish By Groups kaɗan kaɗan, za ka ga bakin yana miƙewa. In za ka yi ZRemesher (mai sake saƙa raga) daga baya kunna KeepGroups domin sabuwar ragar ta bi layin naka.

Abu ɗaya da zan roƙe ka tunda sulke ne, sulke siriri ne, kuma maski na ratsawa ya kama bayan farantin ba ka sani ba. Na taɓa ɓata aikin yini guda a haka, sai da na juya gunkin na ga zanen ya fito ta ciki shi ma. Riƙe Ctrl ka shiga Brush, Auto Masking, ka kunna BackfaceMask, dole sai kana riƙe da Ctrl ɗin saboda buroshin maski saitinsa daban ne da na buroshin da kake sassaƙa da shi.