Filin Likitan Haƙori: Giɓi Ya Sauya Wa Ɗana Magana

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 14 ya faɗo daga babur, haƙoransa biyu na gaba na sama suka fita. Bakin ya warke, amma yanzu yana magana da tsamin baki, malaminsa na Islamiyya ma ya ce karatunsa ya sauya. Zai gyaru? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Zai gyaru, in Allah ya yarda. Haƙoran gaba na sama su ne bangon da iska ke bugawa idan ana furta s, z, sh da ts. Idan giɓi ya samu, iskar sai ta tsere ta wurin, a riƙa jin fito ko huci. Harshe kuma yakan leƙa cikin giɓin wajen furta t, d da ɗ. Malamin ya ji daidai, domin haruffa irin su sa'un mai ɗigo uku da zalun suna fita ne daga kan harshe da gefen waɗannan haƙoran, fa'un kuma daga haƙoran sama da leɓen ƙasa.

Ki kai shi asibitin haƙori a ɗauki hoto, don a tabbatar babu guntun saiwa da ya rage, kuma ƙashin bai tsage ba. A shekarunsa haƙoran roba masu cirewa ne suka dace. Dashen ƙarfe, wato kafa haƙori mai saiwar ƙarfe cikin ƙashi, sai muƙamuƙi ya gama girma, wajen shekara 18 ko fiye. Kada a yi jinkiri: haƙoran gefe suna karkatowa cikin giɓin, harshe kuma yana sabawa da kuskure. Kwanakin farko da haƙoran roba maganar za ta ɗan ƙara dagulewa. Ya riƙa karatu da ƙarfi minti 10 zuwa 15 kullum, cikin makonni kaɗan harshe zai saba.

Ga sauran iyaye: haƙorin da ya fita ɗungurungum ana iya mayar da shi. A riƙe shi ta kai, ban da saiwa, a ɗauraye da madara ba tare da gogewa ba, a mayar cikin raminsa, yaro ya ciji tsumma mai tsabta. In ya gagara, a tsoma shi cikin madara, kada a naɗe a takarda, domin bushewa ce ke kashe saiwar. A isa wurin likita kafin awa ɗaya. Haƙorin da ba a yi famfararsa ba kuwa ba a mayar da shi, yana iya lalata wanda ke tahowa a ƙarƙashi.