Kamu ko Fatin Ƙawaye? Amsar Gwaggo ga 'Yarta

Assalamu alaikum 'yata. Saƙonki ya iso ni nan Jos, na saurare shi da kyau. Ya Abuja, ya hidimar biki? Allah ya sa a yi da mu, ya sanya albarka a cikin lamarin.

Kin ce ke da ƙawayenki kun tsara a yi hoton kafin aure, a yi fatin ƙawaye irin wanda kuke gani a Instagram, a yi daren Larabawa, a rufe da dina. Don kuɗi su isa kuma kina so a ajiye kamu da buɗar kai, wai sun tsufa. Mamanki ta ƙi, ta ce miki kayan aro ba ya rufe katara. Shi ne kika tambaye ni: "Gwaggo, ita al'adar nan ba mutane ne suka ƙirƙire ta ba? Me ya sa namu na zamani kaɗai ake kira aro?" Tambayar ta yi min daɗi, domin yarinyar da ba ta damu ba ba za ta tambaya ba, yi kawai za ta yi.

Kina da gaskiya a wani ɓangare, kuma zan faɗa ko a gaban mamanki. Buɗe akwatin lefenki ki duba. Atamfar da muke ji da ita, asalinta daga Holan take. Kamfanin Vlisco yana garin Helmond tun 1846, su ma kwaikwayon rinin mutanen Indonesiya suka yi. Shaddar Getzner da babanki zai sa ranar ɗaurin aure a Ostiriya ake saƙa ta. Anko daga maƙwabtanmu Yarbawa muka gano shi, haka ɗaurin gwaggwaro. Lokacin da muke 'yan mata, kwaɓa lalle ake yi a lafta a hannu, a zura hannun cikin zunguru, a naɗe ƙafa da ganye da tsumma, a zauna ana hira har ya kama. Wannan zanen fulawa da ake yi yanzu daga baya ya zo, ta wajen Sudan da ƙasashen Larabawa, haka dilka da halawa suka iso mu ta hannun mutanen Borno. Shi kansa lefen, a kwando kakanninmu suka kai shi, aka koma fantimoti, yau ga jerin akwatuna. Kuma kar ki manta garin da muke. Haƙar kuza ce ta tara kakanninmu a nan, suka zauna da Birom da Jarawa da Anaguta, ga Yarbawa, ga Ibo, ga Turawa. Wanda ya tashi a Gangare ko Unguwar Rogo ya ce bai ari komai daga kowa ba, bai faɗi gaskiya ba.

Har nishaɗin ma haka yake. Tun shekarun 1950 Kwarori, wato 'yan Labanan, masu gidajen silima suka fara kawo finafinan Indiya Arewa. Mu mata ba ma zuwa silimar Kwararafa ta nan Jos, abin kunya ne a lokacin, amma yayyenmu maza sukan dawo su ba mu labarin fim tun daga farko har ƙarshe, har da waƙar. Da talabijin ta shigo gidaje, sannan bidiyo, sai muka gani da idonmu. Ko kin san a Jos aka fara nuna talabijin mai launi a Najeriya, a tsakiyar shekarun 1970? Hukumar finafinai ta ƙasa ma, wadda aka kafa a 1979, a nan hedikwatarta take. Masu bege a Kano sun ɗauki karin waƙoƙin Indiya sun yabi Manzon Allah (SAW) da su, kuma da finafinan Hausa na bidiyo suka fara a 1990, ba a daɗe ba rawa da waƙa irin ta Indiyawa ta zama jigonsu. Mamanki da ke maganar aro, na san yadda take yafa gyale tana budurwa, na kuma san inda ta gano salon.

To amma akwai bambanci, kuma shi nake so ki tsaya ki duba da idon basira.

A da, baƙon abu da ƙafa yake zuwa. Alhajiya ta dawo daga Makka da abaya, ɗan kasuwa ya taho da sabon yadi daga Legas. Kafin abin ya zama yayi sai ya bi ta hannun mutane: uwa ta gani, malam ya yi magana, tela ya rage nan ya ƙara can, a shekara biyar ko goma ya zama namu. Wanda bai dace ba ya mutu a hanya. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, kuma bayan wasu shekaru sai ga yara masu tura finafinai da waƙoƙi a waya sun kafa teburi a bakin titi wajen kasuwar Taminus, ka ba da ɗan kuɗi a cika maka memori da fassarar Indiya. Ko a lokacin akwai mutum a tsakani, kana ganin fuskarsa. Daga nan Facebook ya zo, WhatsApp ya zo, Instagram ya fito a 2010, sai TikTok na kamfanin ByteDance na ƙasar Sin. A ƙarshen 2012 wata waƙar Koriya ta Kudu ta zama bidiyo na farko da aka kalla sau biliyan ɗaya a YouTube, na ga yaran layinmu suna rawarta ta sukuwar doki, ba su san ko kalma ɗaya a cikinta ba. A 2020, muna kulle saboda korona, rawar wata waƙar Afirka ta Kudu ta zaga duniya har ma'aikatan asibiti a Turai suna yin ta. Abin da aka yi da safe a Dubai, kafin la'asar yana ɗakin yarinya a unguwar Rikkos, ba wanda ya tace, ba wanda ya ma san ya shigo.

Kuma ki daina cewa ke kika zaɓa. Waɗannan manhajoji suna ƙirga daƙiƙun da kika ɓata a kan kowane bidiyo, da wanda kika sake kallo, da wanda kika tura wa ƙawa. Ranar da kika tsaya kan bikin wata amarya, kin shaida musu abin da ke riƙe ki, gobe sai su jero miki irinsa ɗari. Su da tallace-tallace suke cin abinci, ribarsu ita ce ki daɗe kina kallo, abin da ya fi ƙyalli kuwa shi ya fi riƙe ido. Da yawa daga bukukuwan da kike gani talla ne: mai kwalliya ce ta saka, ko mai ɗinki, ko mai ƙawata wurin taro, don a neme su. Ba za su nuna miki uban da ya sayar da fili ba, ko angon da ya shiga ɗaki da bashi a wuya. Shi ya sa yau amaryar Jos da ta Legas da ta Landan fuskarsu ɗaya, girarsu ɗaya, har yadda suke karkata kai a hoto ɗaya ne. Wannan yana yi min ciwo ƙwarai, domin ke kyakkyawa ce da kamanninki, kamannin kakarki.

Ba ina cewa wayar sharri ce zalla ba, ni ma da ita nake amsa miki. Namu ma yana fita. Hausawan zango a Kumasi da Akara, da na Sudan da na Jidda, suna kallon finafinanmu da karatun malamanmu ranar da aka sake su. Yayanki da ke karatu a waje ta waya zai ga ɗaurin aurenki, abin da a zamaninmu sai dai a aika masa wasiƙa da hoto bayan wata biyu. Akwai 'yan mata a unguwar nan da ke ciyar da iyayensu da zanen lalle, duk ta Instagram ake samun su.

Saboda haka ni ba na tambayar daga ina abu ya zo. Abin da nake tambaya shi ne, wane aiki yake yi, kuma don wa ake yin sa?

Ɗauki kamu. Ƙawayenki za su ɓoye ki, a lulluɓe miki fuska. Gwaggwannin ango da yayyensa mata su zo neman ki da turare, ƙawaye su tare ƙofa su ce sai an biya. A yi ta ciniki ana dariya, wata tsohuwa ta ce kuɗin sun yi yawa, wata 'yar bakin tsiya cikin ƙawayenki ta ce ai amaryar tasu ba ta arha ba ce. A ƙarshe a biya, a buɗe ki, a fesa miki turare, a rangaɗa guɗa. Kina ganin wasa ne, amma a wannan yinin dangin mijinki suka tako da ƙafarsu suka roƙe ki a gaban naki dangin. A nan matan gida biyu suke sanin fuskar juna, su san wace ce mai haƙuri, wace ce mai zafi, wa za a kira idan ta ɓaci. Buɗar kai kuma a can gidansu ne: a zaunar da ke gaban uwar mijinki, a nuna miki wannan baffansa ne, wannan innarsa ce, kowa ya sa miki albarka ya ajiye abin da ya sawwaƙa. Aure, 'yata, akwai ranar da za a saɓa, ba fata nake yi ba, haka zama yake. A ranar, waɗannan matan ne za su shiga mota su zo sulhu. Masu danna miki alamar so a waya ba wanda zai zo.

Na halarci wani biki a can Abujar taku. Kakar amarya ta taso tun daga ƙauye da ƙullin daddawa da kuka a jakarta, masu gadi suka tsare ta a bakin ƙofa don ba ta da kati, ta tsaya a waje har sai da wani ya gane ta. A ciki kuma, uwar amarya ta rungume 'yarta tana hawaye, mai ɗaukar hoto ya ce su sake, wai haske bai yi ba. Suka kuwa sake. Na rasa inda zan sa kaina. An yi taron ne don mutanen da ba sa wurin, waɗanda ke wurin kuma suka zama 'yan rakiya.

Ki kuma rarrabe addini da al'ada, don kada wani ya ruɗe ki. Abin da aure ba ya ƙulluwa sai da shi: waliyyi, sadaki, shaidu, da siga. Walima sunna ce, Annabi (SAW) ya ce wa Abdurrahman bin Auf ya yi walima ko da da akuya ɗaya. Kamu da lefe da gara al'ada ne, barin su ba zunubi ba ne. Akwai ma waɗanda muka bari na ce alhamdu lillahi, irin aurar da yarinya ba a nemi yardarta ba. Gara ma da ke karya bayan iyayen amarya, na gaya wa babanki a yi ta daidai ƙarfi. Ba duk tsohon abu nake karewa ba, mai amfani nake karewa.

Ga shawarata. Kamu da buɗar kai suna nan, ba na so mu ja wannan maganar. Fatin ƙawaye ban hana ba, ai mu ma mun yi zaman lalle da ƙawayenmu, an ci an sha an tsokani amarya. Ki haɗa shi da ranar sa lalle, a cikin gida, ku yi adonku yadda kuke so, kin huta da kuɗin haya. Hoto ke da shi ku bari sai an ɗaura, a lokacin mijinki ne, ku ɗauka cikin sutura. Daren Larabawa a bar shi, ban ga wanda zai amfana ba sai mai hayar kaya. Dina kuwa maganar ango ce da iyayenku maza. In za a yi, kada a ci bashi, a tashi da wuri, kuma a sa wani ɗan gida a bakin ƙofa wanda ya san fuskar dangi.

Abu ɗaya ne zan tsananta a kansa. Matan aure sukan saki jiki a yinin biki su taka rawa saboda sun san mata ne zalla a wurin. Yanzu sai yarinya ta ɗaga waya ta ɗauka, kafin dare yana TikTok, mijin ya gani a wayar abokinsa. Na san gidan da wannan ya kusa rabawa, kuma abin da ya hau intanet ba ya saukowa ko an goge. Ki gaya wa ƙawayenki tun yanzu: ba a saka hoton kowa sai da izininta. Daren da za a kai ki kuma, lokacin da ni da sauran iyayenki za mu shiga yi miki nasiha, duk wata waya a waje za ta kwana.

Mamanki kuma ki same ta ku yi magana a tsanake, kada ki ce mata Gwaggo ta ce ita ma ta yi aro, ni zan gaya mata da bakina. Tsoro take ji kada a ce 'yarta ta shiga gidan mutane ba a san ta ba. Ki shigo Jos ƙarshen mako mai zuwa da takardar lissafin kuɗin gaba ɗaya, mu zauna mu uku mu daidaita ranakun. Ki taho da rigar sanyi, hunturu ya fara. Ki gaida babanki da ƙannenki, ki ce wa angon ina jiran gaisuwarsa.

Gwaggonki.