Tambaya da Amsa: Sassaƙar Asid da Haɗa Ta da Yadin Rini

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a sashen zane-zane, kuma ina son aikina na kammala karatu ya kasance hoton da aka buga daga farantin ƙarfe, tare da guntayen yadin rini da takarda mai launi. Wata ƙawata ta ce ruwan batir zai iya cin ƙarfen. Shin haka ne, kuma ta ina zan fara? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki kusanci ruwan batir, domin yana ƙona fata da ido, kuma ba ya ba da layi mai tsabta. Idan farantinki na jan ƙarfe ne, ki nemi sinadarin ferik kulorayid, wanda masu haɗa kayan lantarki ke amfani da shi, domin ba ya tayar da hayaƙi mai guba irin na nitirik asid. Duk da haka ki sa safar hannu da tabarau, ki yi aikin a inda iska ke shiga, ƙarƙashin kulawar malaminki.

Da farko ki goge farantin da garin alli da ɗan ruwa har sai ruwa ya kwanta a kansa bai dunƙule ba, alamar maiƙo ya fita ke nan. Sannan ki ɗumama shi, ki shafe shi da haɗin kakin zuma da kwalta da ƙaro, ki rufe bayansa da tef. Da allura za ki yi zanen, ba tare da danna ta cikin ƙarfen ba, domin aikinta kawai ta yaye kakin, sinadarin ne zai haƙa. Ki tsoma farantin a tsaye ko a kife, saboda ƙurar da ke fita kada ta toshe layukan. Layin da ya daɗe a ciki yakan yi zurfi, ya riƙe tawada da yawa, ya fito baƙi wuluk. Wanda kike so ya yi siriri kuwa, sai ki ciro farantin da wuri, ki rufe layin da fenti, ki mayar da farantin don sauran layukan. Ki tuna hoton a juye yake fitowa, don haka duk rubutun da za ki sa, boko ko ajami, a juye za ki zana shi.

Batun yadin shi ne inda nake son ki yi haƙuri. Tawadar tana kwance ne a cikin ramukan layi, kuma takarda mai laima ce kaɗai injin bugu zai iya tura ta ciki ta tsotso. Saƙi mai kauri zai hana hakan, layukan su fito a tsinke. Saboda haka ki fara buga farantin shi kaɗai har ki gamsu da shi, sannan ki gwada siririyar takarda da kika rina da baba: ki shafa wa bayanta sitaci, ki ɗora fuskarta a kan farantin mai tawada, ki rufe da babbar takardar, ki wuce da su cikin injin lokaci ɗaya. Yadin kuwa, ya fi kyau ki manna shi a kwali, ki shafe shi da banish, ya zama faranti na biyu wanda zai buga zanen saƙarsa.

Kada faranti da ya lalace ya karya miki gwiwa. Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatu a nan Zariya kuma yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta garin a 1958, asid ya ɓata masa faranti a 1967, ya cike gurbin da gam ɗin Araldite, daga nan ya samo salon bugun da ya yi suna da shi. Don haka ki ajiye kowane gwaji, ki rubuta a bayansa mintunan da farantin ya yi a sinadari da irin takardar, domin masu duba aikinki za su so ganin hanyar da kika bi.