Yatsan yarona ya kumbura, an ce in kai shi wurin wanzami

TAMBAYA: Salamu alaikum lokotoro, ina wuni ya aiki. Yarona ne ɗan shekara 3 mai shan yatsa, satin da ya wuce ya yi zazzaɓi bakinshi duk ya yi ƙuraje, yanzu kuma babban yatsan ya kumbura ya yi jawur gefen farce da ƙananan ƙuraje masu ruwa, kwana yake kuka. Uwar mijina ta ce ɗan karkare ne a kai shi wanzami ya tsaga, ni kuma jego nake, ban yi arba'in ba. Ya zan yi? Daga wata uwa, Garin Malam, Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya. Don Allah kar a tsaga yatsan nan. Yadda kika faɗa ya fi kama da ƙwayar cutar herpes, ita ce ta fito mashi a baki, da yake yatsan kullum yana cikin baki sai ta bi ta 'yar tsagar fata kusa da farce ta shiga. Ɗan karkaren da Hajiya ta sani mugunya yake tarawa wuri ɗaya, wannan kuwa ƙuraje ne cure da juna ruwansu garai-garai, wanzami ba zai tarar da komai ba sai dai aska ta watsa cutar ta kuma buɗe ma wasu ƙwayoyin hanya. Lemon tsami da ake cusa yatsa ciki shi ma a bari, zafi kawai zai ƙara mashi.

Yawanci cikin sati 2 zuwa 3 yake bushewa da kanshi. Amoxicillin ɗin 'yan tebur ba ya taɓa shi, maganinshi aciclovir ne kuma ya fi aiki in an fara tun kwanakin farko, to ki kai shi likita yau ɗin nan a duba a rubuta daidai nauyinshi, har da paracetamol na ciwo. Ki rufe yatsan da bandeji busasshe, kar ya sosa ido da shi, kuma yana iya dawowa a yatsan nan wata rana don ƙwayar tana kwanciya ne cikin jijiya.

Jaririn ne ya fi damuna wallahi, herpes na iya kashe ɗan jego. Kar yayan ya taɓa shi ko ya sumbace shi har ƙurajen su bushe, ke ma ki wanke hannu da sabulu kafin ki ba shi nono, in ko kika ga jaririn ya yi zafi ko ya ƙi mama ko ƙurji ya fito mashi, ko cikin dare ne ku tafi asibiti.