Shin Addinin Hindu Ya Yarda da Yanka Dabba don Ibada?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma mun taso muna jin cewa mabiya addinin Hindu ba sa cin nama. Bayan Babbar Sallah sai wata ƙawata ta nuna mini bidiyon wani biki a ƙasar Nefal inda ake sare kawunan ɓauna da sunan ibada. Wanne ne ainihin koyarwar littattafansu? Daga wata mai karatu, Samaru, Zariya.

Amsa: Malama, abin da kika ji da abin da kika gani duk suna da tushe a littattafan nasu, kuma saɓanin ya daɗe a tsakanin malamansu. Tsofaffin littattafansu, wato Veda, sun bayyana hadayar bunsuru har ma da ta doki, wadda manyan sarakuna suke yi. Littafin dokoki na Manusmriti ya ce kisan da aka yi domin hadaya ba kisa ba ne, amma a cikin babi guda ya yabi wanda ya ƙaurace wa nama, domin ba a samun nama sai an cutar da mai rai. Wannan ƙa'ida ta rashin cutarwa ita suke kira ahimsa.

Wurin da muhawarar ta fi jan hankalina shi ne wata ƙissa da ke cikin Mahabharata, wani tsohon babban littafinsu na waƙa da ƙissoshi. Nassi ya umarta a yi hadaya da "aja", kalmar da a harshen Sanskrit take nufin bunsuru, kuma idan aka rarraba ta sai ta ba da ma'anar abin da ba a haifa ba. Abubuwan bautarsu suka ce bunsuru ake nufi, masu zuhudu kuwa suka ce ƙwayar hatsi ce. Da aka kai hukuncin gaban Sarki Vasu, sai ya goyi bayan abubuwan bautar saboda son kai, masu zuhudun suka la'ance shi, ya faɗo daga sama ya nutse cikin ƙasa. Duk wanda ya taɓa zama a zauren karatu a birnin Zazzau ya san yadda kalma ɗaya mai fuska biyu take raba kan malamai, kuma a ganina wannan ƙissa shaida ce cewa tun tuni lamirin wasu daga cikinsu bai natsu da zubar da jini ba, sai dai ba su iya watsi da nassi ba, don haka suka nemi mafita ta hanyar tawili. Dayananda Saraswati, wanda ya kafa ƙungiyar Arya Samaj a 1875, ya zarce haka, ya ce Veda ba ta taɓa umartar a yanka dabba ba.

A yau yawancin mabiya addinin ba sa yanka a wuraren bautarsu. An fi samun al'adar a wajen masu bautar Kali da Durga, wasu abubuwan bautarsu mata, kamar a wuraren bauta na Kalighat da ke birnin Kolkata da Kamakhya da ke jihar Assam a Indiya, inda ake sare kan dabbar da sara ɗaya, kuma ba a yin hakan da saniya. Bidiyon da kika gani ya yi kama da bikin Gadhimai, wanda ake yi duk bayan shekara biyar a gundumar Bara ta Nefal. An ba da sanarwar daina yankan a 2015, amma aka sake yi a 2019, kuma wahalar da dabbobin suke sha a wannan cunkoso ita ce ta fi damuna. A Indiya babbar kotun jihar Himachal Pradesh ta haramta yanka dabba don ibada a jihar a 2014. A gidaje da wuraren bauta da dama kuwa, musamman a yankin Bengal, kabewa ko rake ake sarewa a madadin dabbar, a yi masa addu'o'in da a da ake yi wa bunsuru.