Kwaikwayo ne ko izgili?

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da dare. Ƙanena, na saurari tambayarka a kan bidiyon nan da samarin unguwa suka yi suna kwaikwayon Baba Ladan, ka ce shin kwaikwayo za a kira shi ko izgili, tunda su sun ce wasa suke yi. To bari ka ji.

Kwaikwayo dai shi ne ka yi yadda wani yake yi. Da shi yaro yake koyon riƙon fartanya. Amma idan aka ƙara wa abin gishiri, aka murguɗa baki, aka karkace jiki don jama'a su yi dariya, mu da muka taso 'yankamanci muke ce masa. Ni da idona na ga ɗan kama a kasuwar Maigatari, ran Alhamis, ina yaro na raka babanmu sayar da tunkiya. Ya naɗa rawanin da ya fi kansa girma, ya tanƙwashe ƙafa kamar mai tafsiri, yana jan murya, amma karatun nasa kaf tuwon dawa ne da miyar kuka da man shanu. Malamai suna wucewa suna murmushi, don kowa ya san kwaɗayin cikinsa yake tona wa asiri. Haka tashe, idan azumi ya kai 10, yaro ya manna gemun auduga ya rungumo allo, a ba shi hatsi ya wuce.

Ba'a kuma tana da masu ita. Taubasai, jika da kaka, Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare. Ka faɗa masa, ya rama, ku rabu kuna dariya.

To izgili fa? Shi ne ka kama abin da mutum ba shi ya yi wa kansa ba, halittarsa ko tsufansa ko talaucinsa, ka mai da shi abin dariya, shi kuma ba shi da bakin ramawa. Ka sake kallon bidiyon. Me suka kwaikwaya? Ɗingishinsa, da yadda muryarsa take rawa idan ya ja kabbara. Bawan Allahn da yake tashinmu asuba tun garin nan ba lasifika, cikin sanyin hunturu, da 'yar fitilarsa a hannu. Wallahi da na gani sai da raina ya ɓaci. Ga shi har lafazin kiran salla suka sa a ciki, wannan kuwa ya fi komai nauyi. Ku duba Suratul Hujurat, aya ta 11, an hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, mai yiwuwa waɗanda ake yi wa sun fi su alheri.

Don Allah duk wanda yake da bidiyon ya goge, kar a ƙara tura shi. Jikokinsa suna da waya, za su gani. Kai kuma ƙanena, tunda yaran suna jin maganarka, ka tara min su gobe bayan la'asar a gindin darbejiyar ƙofar gidana, mu je tare su ba shi haƙuri.