Gwiwar da ke gabanka ita ke zaɓar ƙarfenta

Dokta, jiya bayan mun fito daga ɗakin tiyata ka tambaye ni dalilin da ya sa na sa wa dattijon nan gwiwar ƙarfe irin PS a aikin canjin gwiwa, ita kuwa Hajiyar da muka yi wa ranar Talata na sa mata irin CR. Ga amsar.

Duk maganar tana kan jijiyar baya da ke tsakiyar gwiwa, wadda ke hana ƙashin ƙwauri zamewa baya. CR tana barin ta a wurinta, ta ci gaba da aikinta. A PS kuwa yanke ta ake yi, sai wani ɗan turke da ke jikin robar da ake sa wa tsakanin ƙarfen cinya da na ƙwauri ya shiga gurbin da ke cikin ƙarfen cinya ya tsaya a madadinta. John Insall da Albert Burstein ne suka fito da wannan a New York a 1978.

Jijiyar Hajiya lafiyayya ce, na taɓa na ji. To me zai sa in yanke abin da Allah ya bar mata, har in ƙara sare ƙashi don buɗa wa turke gurbi? Shi kuwa dattijon ya daɗe yana fama kafin ya zo, kamar yawancin mutanenmu. Ƙafar ta lanƙwashe kamar baka, jijiyar ta ƙanƙance ta yi tauri. In ka bar irin wannan, gwiwar ba za ta daidaitu ba, robar kuma sai ta cinye ta gefe guda. Da a ce jijiyoyin gefe ma sun saki, PS ɗin ba za ta riƙe ba, sai mai ƙarin kamu ko mai hinji.

Batun roba mai juyawa da kafaffiya, kada ya hana ka barci. Ba a ga bambancin kirki a daɗewarsu ba.

Abin da na fi so ka kula da shi shi ne sallah. Kusan kowa zai tambaye ka ko zai iya sujada da zaman tahiya. Dillalan kamfani za su nuna maka ƙarfen da suka ce yana naɗewa sosai, amma yadda gwiwa ke lanƙwasuwa kafin aiki shi ya fi nuna inda za ta kai bayansa. Faɗa wa mara lafiya gaskiya tun da wuri: ciwo zai ragu ƙwarai, amma wataƙila a kan kujera zai riƙa sallah.

Gobe kai za ka auna gibin da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri, a miƙe da a lanƙwashe, kafin mu buɗe kwalin ƙarfe ko ɗaya. Ka zo da hoton ƙafar da aka ɗauka tana tsaye.